Ranar da Akuya Ta Ci Ganuwar Dargaza

A zamanin da Sarki Jatau ɗan Magira yake riƙe da ƙasar Dargaza, akwai wata al'ada a birnin nan da ba za ka same ta a ko'ina ba, kuma mutanen Dargaza suna taƙama da ita har ka ji haushi. Saukar ƙara ake ce mata. Idan mutum ya kawo ƙarar wani mai rawani a fada, ba a barin sa ya koma gida. Nan take dogari zai kama hannunsa ya kai shi gidan wanda ake ƙarar, a damƙa shi amana. Ci da sha da makwanci duk suna wuyan mai gidan, ko ƙaya ce ta soki baƙon shi zai amsa. Ba a zaman shari'a sai ranar da mai gidan ya zo gaban Sarki da kansa ya ce, "Baƙona ya huta." Baƙo kuwa in ya kuskura ya tsallake dokin ƙofa kafin wannan rana, ƙararsa ta faɗi. In talaka ne a zane shi da bulala, in mai sarauta ne a kwance masa rawani.

Kakannin da suka kafa abin nan da kyakkyawar niyya suka yi, wannan kam ba na musu. A da, mai ƙara yakan ɓace a hanyar komawa gida, sai dai a tsinci takalminsa a bakin rafi. Da aka ɗora ransa a wuyan wanda ake ƙarar, ɓacewa ta tsaya cak. Amma masu rawanin Dargaza ba su da wasa wajen gano inda doka ta yi laushi. Tunda ba dama a kashe mai ƙara da wuƙa, sai suka koma kashe shi da maiƙo.

Duk cikinsu ba wanda ya kai Sarkin Gini Hankurau iya wannan sana'a. Aikinsa shi ne gyaran ganuwa duk shekara idan ruwa ya ɗauke, kuma daga rumbunan Sarki ake auna masa hatsin da zai ciyar da masu aikin gayya. Mutum ne mai sanyin murya da yawan murmushi, ba ka taɓa jin ya ɗaga wa kowa harshe. A bayan gidansa akwai wani sashe guda da ake kira unguwar baƙi, cike da mutanen da suka kawo ƙararsa. Kowannensu ya shigo a bushe yana huci, yanzu kuwa wasu ko mazagin wandonsu ba ya zagaya su. Shi Sarki Jatau kuma, Allah ya jiƙansa, ba mugu ba ne, son zaman lafiya ne ya yi masa yawa. Babu abin da yake faranta masa rai irin a ce a zamaninsa ba a taɓa kama mai rawani da laifi ba. Gaskiya ne kuwa, ba a taɓa ba, don ba a taɓa zama ba.

To ana nan, da damina ta ja baya, sai raɗe-raɗi ya cika kasuwa cewa Sarkin Gazari Maigizo yana tara mayaƙa a hayin gulbi, jira kawai yake ruwa ya janye ya haye. Madawaki Barmo, wanda rundunar Dargaza take hannunsa, ya ce bari ya zaga ganuwa ya gani da idonsa. Barmo dogo ne siriri, mai saurin fushi, mai gaskiya har ta yi masa yawa. Ya bi gabas ya ga gini daram, ya bi kudu da yamma ba laifi. Da ya iso arewa, can bayan babban kududdufin da ke kusa da gidan Hankurau, sai ya ja linzami ya tsaya yana murza ido.

Wata akuya ce ja, ta ɗora ƙafafunta na gaba a jikin ganuwa, tana cin ta. Ci na haƙiƙa, tana fizga tana taunawa tana lumshe ido.

Barmo ya sauka ya matsa kusa. Ashe abin da ake kira ganuwa a wannan kusurwa zana ce aka kafa da itace, aka shafe ta da laka ciki da waje, aka yi mata zanko a sama don ta yi kama da sauran. Ruwan damina ya wanke lakar, ciyawa ta leƙo, akuya ta samu. Ya sa yatsa ya tura, yatsan ya fita waje ya sha iska. Ya waiwaya ya dubi kududdufin nan mai zurfi da aka haƙe ƙasarsa kaf, ya ɗaga kai ya dubi sababbin sorayen Hankurau suna ƙyalli, bai ƙara tambayar kowa inda ƙasar ganuwa ta tafi ba. Ya yage zanar kamu guda, ya sa aka ɗaure akuyar, ya nufi fada.

Fada ta cika, Sarki yana kan karaga, sai ga Madawaki da akuya a bayansa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye guntun zanar a gaban Sarki.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Wannan da kake gani ganuwarka ce ta arewa. Na kawo maka abin da ya rage, sauran yana cikin wannan baiwar Allah."

Fada ta yi tsit, ba ka jin komai sai tauna. Sarki ya dubi zana, ya dubi akuya, ya juya wajen mai duban fada ya tambaye shi abin da wannan yake nufi. Mai duba, wanda duk Juma'a ake kai masa akushi daga gidan Hankurau, ya share ƙasa ya yi 'yan zane-zane ya ce alama ce ta alheri. Yadda ƙaramar dabba ta ci babban gini, haka Dargaza za ta cinye Gazari. Fadawa suka amsa da amin.

Sarkin Gini ya gyara zama ya yi murmushi. "Allah ya ƙara wa Sarki nasara. Madawaki yayana ne, ba na ja da shi. Sai dai shi gwanin doki ne, ni kuma a cikin laka aka haife ni. Abin da ya gani riga ce muke sa wa sabon gini don kada ruwa ya dake shi. Ginin yana nan, bai dai bayyana ba tukuna."

"Na sa yatsana ya fita waje, Hankurau."

"To ai ka ga illar taɓa gini bai bushe ba."

Barmo ya yunƙura zai tashi, sai Waziri Makau ya ɗaga hannu. Waziri tsoho ne mai farin gemu da sanin al'ada, kuma shi da Madawaki ba sa ga maciji tun ranar da aka naɗa su. Ban da haka, soron da yake kwana a ciki ma da ƙasar kududdufin nan aka gina shi.

"Allah ya taimaki Sarki, a bi abu a sannu," in ji Waziri. "Madawaki, ina so fada ta fahimce ka. Labari kake ba mu, ko ƙara kake kawowa? In labari ne mun ji, mun gode, Allah ya yi albarka. In kuwa ƙara ce, to wannan tana da hanyarta."

Kowa a zauren nan ya ga ramin da Waziri ya haƙa wa Madawaki, har akuyar ina jin ta gani. Barmo kaɗai ne bai gani ba, don idonsa ya rufe.

"Ƙara ce. Ina ƙarar Sarkin Gini Hankurau a gaban Sarki, ya ci amanar ganuwa, ya bar birni a buɗe ga maƙiya. Sarki ya taso yanzu mu je ya gani."

Waziri ya girgiza kai cikin tausayi. "Ina, ai kuma ta wuce nan. Sarki ba ya duban abin da ake ƙara a kai kafin ranar shari'a, kada zuciyarsa ta karkata. Kuma daga yau kusurwar nan ta zama abin shaida, ba mai ƙara mata ko tubali ɗaya, ba mai rage mata ko tsinke. A sa dogarai su tsare ta." Ya juya wajen Sarkin Dogarai. "A kai Madawaki masauki."

A nan ne Barmo ya farga, ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi. Ya dubi Sarki. Sarki ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin alkyabba, can ya ce a hankali, "Al'adar kakanni ce, Madawaki. Hankurau mutumin kirki ne, ba zai daɗe da kai ba." Haka aka kama hannun shugaban rundunar Dargaza, maƙiya suna hayin gulbi, aka kai shi ya huta.

A unguwar baƙi wanda ya fara tarbarsa wani dattijo ne mai suna Cindo, marini, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan har ya zama kamar mai unguwa. Shuni ya daɗe da barin hannunsa, tumbinsa kuwa sai ya riga shi shiga ɗaki.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ga tabarma. Yau funkaso ne da miyar taushe, gobe in Allah ya kai mu dambu."

"Ba ci ya kawo ni ba," in ji Barmo. "Na rantse ba abin da zai shiga bakina a gidan nan sai ruwa."

Cindo ya yi dariya har tumbin yana rawa. "Haka kowa yake cewa. Ni da na zo, ranka ya daɗe, har ka fi ni ƙiba."

"Me ka kawo ƙara a kai?"

Dattijon ya sosa ƙeya, kamar mai neman abin da ya ajiye tun bara. "'Ya'yana ne. Aka kwashe su aikin ganuwa, ashe sorayen nan suke ginawa. Babban ya faɗo daga sama, har yau ba ya taka ƙafar. Na zo in faɗa wa Sarki." Ya dubi akushin da aka ajiye. "Ina nan dai ina hutawa."

"Duk wannan abincin daga ina yake fitowa?"

"Hatsin ganuwa mana. Ai mu ne ganuwar, ranka ya daɗe. Duk wanda ya kawo ƙara a kan ba a yi gini ba, sai a ciyar da shi da hatsin ginin. In ƙara ta ƙaru, gini ya ragu, in gini ya ragu, ƙara ta ƙaru. Mai gidan nan Allah ya ba shi kai."

Barmo ya riƙe rantsuwarsa, a faɗi gaskiya ya yi ƙoƙari. Aka kawo funkaso ya kau da kai. Aka kawo dambu ya fita tsakar gida yana zagaye. Amma masu girkin Hankurau sun ga irinsa da yawa. Ranar da suka ajiye masa farfesun kan rago a bakin ƙofa, da yaji da daddawa, suka buɗe murfin suka tafi abinsu, sai Madawakin Dargaza ya ce bari ya ɗanɗana romon kawai, tunda romo ɗan'uwan ruwa ne. Da aka zo ɗaukar kwano ko ƙashin kirki ba a samu ba. Ya ji kunya ƙwarai, ya zauna yana zagin kansa, da yamma kuma aka kawo fura da nono mai sanyi ya shanye.

Kullum da safe Hankurau yakan shigo gaida baƙinsa, kullum Barmo ya tare shi.

"Na huta, Hankurau. Je ka gaya wa Sarki."

Sai Sarkin Gini ya matso ya leƙa fuskarsa kamar mai duban mara lafiya. "Haba yaya, dubi idonka, da sauran ja. In na kai ka gaban Sarki a haka ai sai a ce ban riƙe amana ba. A ƙaro wa Madawaki matashi."

Ana cikin haka gulbi ya janye. Wata rana da hantsi sai ga manzo daga bakin iyaka, doki ya jiƙe sharkaf. Ya je fada aka ce maganar yaƙi ta Madawaki ce, ya zo gidan Hankurau aka ce baƙo yana hutawa. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya hau kan sirdi ya tsaya, ya leƙo ta saman katanga yana faɗa da ƙarfi. Maigizo ya haye da dawakai da 'yan baka, kuma bai bi hanyar gabas da kowa yake bi ba, arewa ya nufo kai tsaye. Ashe fataken Gazari sun daɗe da sanin sirrin, don jakinsu ya taɓa jingina da ganuwar ta lotsa.

Kafin azahar ƙura ta tashi a arewa, aka buga tambari, mata suna ta jan yara cikin gida. Barade da 'yan baka suka taru a ƙofar gidan Hankurau, don ba su san wanda za su bi ba in ba Barmo ba. Shi kuwa ya taho har zaure ya tsaya, dokin ƙofa yana gaban ƙafarsa. Hankurau ya sha gabansa, yau kam babu murmushi sosai.

"Madawaki, ni mai ƙaunarka ne, shi ya sa nake tuna maka. In ka tsallake itacen nan, ƙararka ta faɗi, rawaninka ya tafi. Ka yi shekaru kana hawa da sauka kafin ka same shi. Ka zauna, Allah zai kare birni."

Barmo ya san gaskiya ya faɗa. In ya fita, Hankurau ya wanku tas, shi kuma ya koma talaka da furfurarsa. In ya zauna, kafin la'asar Maigizo yana zaune a karagar Dargaza. Ya dubi mayaƙan da suka zuba masa ido, ya ce a miƙo masa sulkensa. Sulken ya ƙi shiga, sai da mutum biyu suka taya shi ja, abin da ya ƙara masa haushi ke nan. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

Bai yi taku kaɗan ba ya ji ƙasa tana girgiza a bayansa. Ya waiwaya, sai ga Cindo da taɓarya a kafaɗa, ga sauran baƙin ƙara sun biyo shi, wani da muciya, wani da gatarin faskare, suna haki tun ba a je ko'ina ba.

"Ku koma," in ji Barmo. "Bulala ce fa a kanku."

"Mu muka cinye ganuwar nan, ranka ya daɗe," in ji Cindo. "Sai mu je mu tsaya a inda ya kamata ta tsaya."

Barmo bai ɓata lokaci wajen kare zana ba. Ya kori dogaran da suke gadin abin shaida, ya raba 'yan baka gida biyu ya ɓoye su dama da hagu na kududdufin, ya jera baƙin ƙara da barade a gaɓar da ke wajen gari, inda duk wanda ya fito daga ruwa dole ya bi. Ya ce kada wanda ya yi motsi.

Dawakan Gazari suka taho a guje, sun san zana ce a gabansu ba gini ba, ko sassautawa ba su yi ba. Suka dake ta ta dare, na gaba suka yi kururuwar nasara, kururuwar ba ta ƙare ba suka ji su a cikin ruwa har wuya. Fataken sun ba da labarin zana, ba su ba da labarin ramin da ke bayanta ba. Na baya suka hau na gaba, dawakai suka cakuɗe da mutane a cikin taɓo, kibau suka sauko ta gefe biyu. Waɗanda suka iya fitowa suka tarar da jerin ƙattin da ba a iya turewa, taɓarya tana sauka a kan kwalkwali. An yi ɗauki ba daɗi a gaɓar nan, don mutanen Gazari ba ragwaye ba ne, kuma wasu sun samu sun hau. Kafin rana ta karkata Maigizo ya juya da abin da ya rage masa, ya bar tutarsa a cikin laka.

Dargaza ta tsira, amma ba a banza ba. Cikin waɗanda aka jera a bakin kududdufi aka lulluɓe har da Cindo, mashi ya same shi a ƙirji, taɓaryar tana hannunsa. Barmo ya tsuguna a kansa ya yi hawaye bai ɓoye ba.

Washegari fada ta cika maƙil. Waziri ya miƙe ya yi wa Sarki barka, sannan ya ce akwai maganar al'ada da ba za a tsallake ba. Duk baƙin Sarkin Gini sun fita kafin a ce sun huta, saboda haka duk ƙararrakinsu sun faɗi, Hankurau ba shi da laifin kowa. Shi kuma Hankurau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, tunda abin ya bayyana, ba zai ƙara ɓoyewa ba: zanar nan da ramin nan dabara ce da ya daɗe yana shiryawa, bai gaya wa kowa ba don kada maƙiya su ji. Waziri ya ce lalle irin wannan hangen nesa ya cancanci alkyabba. Kai, wani abin in ba a gabanka aka yi ba sai ka ce ƙarya ne.

Aka kira Barmo. Sarkin Dogarai ya zo ya warware masa rawani a gaban jama'a, ya bar shi da 'yar hula. Barmo ya koma can bakin ƙofa inda talakawa suke zama.

Sarki Jatau ya sunkuyar da kai. Da safen nan ya je jana'iza, kuma tunda babu sauran ƙara, babu wanda ya hana shi ganin kusurwar arewa. Can ya ɗago kai.

"Waziri, marinin nan da aka binne, Cindo. Me ya kawo ƙara a kai?"

Waziri ya dubi Sarkin Dogarai, Sarkin Dogarai ya dubi Alƙali, Alƙali ya dubi rufin soro. Ba wanda ya sani.

"Ya zo ƙofata da magana a bakinsa," in ji Sarki, "ya mutu yana kare ni ban ji ta ba. To ni ma yau ina da magana. Ku shaida, ni Jatau ɗan Magira ina ƙarar Sarkin Gini Hankurau, ya ci amanar ganuwata. Waziri, kai ne masanin al'ada. Ina ake kai mai ƙara?"

Waziri ya rusuna. "Allah ya ja zamanin Zaki, gidan wanda ake ƙarar."

"To a kama hannuna."

Sarki kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Da ya tashi, fada ta tashi. Dogarai da fadawa da makaɗa da masu busa, bayin barga da dawakansu, masu riƙe laima, malamai da masu duba, hakiman da suka zo barka da nasu mutanen, duk suka ɗunguma zuwa gidan Hankurau. Tsofaffin baƙin ƙara ma Sarki ya yafe musu bulala ya ce su biyo shi, su ne za su nuna wa jama'a inda ake ajiye komai. Suka kuwa nuna, har da rumbun da ke ɓoye a bayan turaka.

Ba a taɓa cin abinci a Dargaza irin na kwanakin nan ba. Aka gama da raguna aka koma shanu, aka gama da shanu aka bi kaji da zabi. Dawakai suka cinye dawar, makaɗa suka shanye zumar, mai duba shi kaɗai ya tashi da tulun man shanu. Duk wanda ya yi atishawa sai a ce a kira mai gida ya amsa. Hankurau ya rame, murmushin nan ya bushe a fuskarsa, yana yawo tsakanin rumbuna yana leƙawa yana salati. Ranar da aka zo aka ce masa masu girki suna tambaya ko a yanka dokinsa, sai ya yar da sandarsa ya ruga har gaban Sarki ya zube.

"Allah ya ba ka nasara, baƙona ya huta. Wallahi ya huta. A yi shari'ar nan yau, don girman Allah."

Tun da aka kafa Dargaza, ranar ce aka fara jin mai rawani ya faɗi wannan magana. Sarki ya ce tunda shi ne mai ƙara ba zai yi hukunci ba, Alƙali ya zauna. Aka yi zaman a bakin kududdufi, a gaban yagaggiyar zana. Ɗan Cindo ya zo yana dogara sanda ya faɗi abin da ubansa bai samu ya faɗa ba, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ba a kai la'asar ba aka kwance rawanin Hankurau, aka yanke cewa a rushe sorayensa a mai da ƙasar inda aka nufe ta, shi kuma ya ɗauki kwando tare da masu aiki har ganuwa ta haɗe.

Sannan Sarki ya sa aka kawo rawanin Madawaki, ya kira Barmo daga cikin talakawa. Barmo ya zo ya durƙusa, amma ya janye kansa.

"Allah ya ja zamanin Zaki, ba zan ɗaura ba sai an kashe saukar ƙara. Wanda ya kawo kuka a ji shi a ranar, a gaban wanda ba shi aka yi ƙara ba, ya koma gidansa ya ci tuwonsa. In ba haka ba, gara in zauna da hulata."

Waziri ya yi caraf ya miƙe. "Allah ya taimaki Sarki, wannan ba mai yiwuwa ba ne. Al'adar kakanni ba rigar da ake tuɓewa ba ce. Muddin ina numfashi..."

"To shi ke nan, a bar ta," in ji Barmo. "Allah ya ba Sarki nasara, ina da ƙara a kan Waziri. Soron da yake kwana a ciki ina so a tambayi inda aka samo ƙasarsa."

Sarki ya gyara alkyabba ya ce, "Abin mamaki, ni ma ina da ita."

Waziri ya juya a hankali ya dubi taron da ke bayan Sarki. Makaɗa sun fara saɓa ganguna, bayin barga suna kwance dawakai, mai duba yana tambayar wani ko gidan Waziri akwai zabi. Tsohon ya gyara gemu, ya fuskanci jama'a da muryar da yake sanar da manyan al'amura.

"Jama'ar Dargaza, na daɗe ina nazarin al'adar nan, kuma na gano kakanni ba haka suka nufa ba. Daga yau ta mutu."

Sarki ya naɗa wa Barmo rawaninsa da hannunsa. Da ya gama ya dubi Alƙali ya ce kada ya naɗe buzunsa tukuna, tunda yanzu a ranar ake ji, ga Waziri ga masu ƙara, kuma da sauran rana.